Salansa baya take kallo

A-kori-kurar da ta taso daga Balan ranar cin kasuwar Kademi kowa ya san yadda take tafiya: buhunan gero da wake a ƙasa, mutane a kan buhuna, ƙafafu na reto ta bayan bodi, bakin salansa kuma yana daidai ƙarƙashin ƙafafun. Direba yana gaba, iska na dukan fuskarsa. Hayaƙin da injinsa ya fitar rabon wasu ne, wato fasinjan baya, da ɗan acaɓan da ke biye, da yarinyar da ta miƙo farantin gyaɗa lokacin da aka tsaya lodi ba a kashe mota ba. Wannan ne ya sa maganar cire rariyar hayaƙi daga motar gas ta wuce ciniki tsakanin mai mota da bakanikensa.

Abin da ake cirewa iri biyu ne. Akwai wanda makanikai ke kira indomi, wani dunƙule mai ƙananan ramuka kamar saƙar zuma da ke cikin tukunyar salansa, an shafe shi da ƙarafa masu tsada irin su falatinam, yana rage dafin hayaƙi kafin ya fito. Sai kuma rariyar da ke zuwa a motocin gas na baya-bayan nan, wadda ke kama fiye da kashi 90 cikin ɗari na baƙin tozalin hayaƙi, ta tara shi, sannan ta ƙone shi idan mota ta yi doguwar tafiya salansa ta ɗauki zafi sosai. Idan rariyar ta toshe, fitila ta kama a gaban direba, mota ta daina ja. Sai bakanike ya ce, "Alhaji, a fasa a zazzage kawai, a taɓa kwamfutar, ka huta." A yanka tukunya, a zazzage, a yi walda, mota ta tashi garau.

Mai motar yana da hujja, kuma ba ƙarama ba ce. An ƙera rariyar nan ne domin man Turai, wanda tun 2009 sinadarin farar wuta da ke cikinsa bai wuce kashi 10 cikin miliyan ba, alhali Najeriya ta daɗe tana halatta gas mai kashi 3,000. A watan Satumban 2016 ƙungiyar Public Eye ta ƙasar Suwizalan ta fallasa yadda 'yan kasuwar Turai ke haɗa gurɓataccen mai musamman domin Afirka ta Yamma. A Disamban shekarar Najeriya da wasu ƙasashe huɗu na yankin suka yi alkawarin saukowa zuwa kashi 50, aka yi ta ɗage ranar, har ECOWAS ta sake tsayar da wannan mizani a 2020. Farar wuta tana kashe indomi, tana kuma hanzarta toshewar rariya. Mutumin da ya sayar da shanu ya sayi mota 'yar Kwatano, aka zuba masa man da ya lalata ta, an zalunce shi, kuma alhakin hukumomin da suka bar man ya shigo yana wuyansu.

Sai dai wanda aka zalunta ba a ba shi lasisin sauke zaluncin a kan na ƙasa da shi ba. A watan Yunin 2012 cibiyar binciken cutar daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya hayaƙin injin gas a sahun abubuwan da aka tabbatar suna jawo dajin huhu. Ƙwayoyin tozalin nan sun fi ƙurar hunturu ƙanƙanta, suna wuce hanci su zarce can cikin huhu, su tayar wa mai asma ciwo, su nauyaya wa tsoho numfashi. Kuɗin gyaran da mai mota ya tsira da shi bai ɓace ba, wani ne zai biya shi a kemis, ko ya kwashi yaro zuwa asibitin Gaya cikin dare. Malamanmu sun daɗe suna karantar da cewa hanya tana da haƙƙi, kuma kawar da abin cutarwa daga kanta ibada ce. Ƙaya ɗaya ake ɗaukewa a samu lada, to ina ga mai feshin hayaƙi tun daga Ajingi har Wudil?

Za a ce yawancin tsofaffin a-kori-kurar karkara ba su taɓa sanin wata rariya ba, ga hayaƙin itace a kowane madafi, ga janareto, me mota ɗaya za ta ƙara? Gaskiya ne tsofaffin sun fi yawa, amma ai su ne ake fatan sababbi su maye gurbinsu, kuma idan duk sabuwar da ta shigo sai an mayar da ita tsohuwa a Ƙofar Ruwa, to shekara ashirin nan gaba muna nan inda muke. Za a kuma ce Turawan ma suna yi. Suna yi ƙwarai: a 2020 hukumar kare muhalli ta Amurka ta ƙiyasta cewa an cire wa a-kori-kura masu gas fiye da 550,000 kayan tace hayaƙi cikin shekaru goma. Amma can laifi ne da ake cin tara a kansa, har kamfanin Cummins ya amince a ƙarshen 2023 zai biya dala biliyan 1.675 saboda na'urorin zamba a injinan motocin Ram. Mu ma muna da dokar hayaƙin ababen hawa ta hukumar kare muhalli, NESREA, tun 2011, tana nan kwance a takarda.

Akwai kuma ɓangaren da ba shi da uzurin toshewa ko kaɗan. Indomi kuɗi ne, akwai masu sayensa saboda ƙarafan cikinsa, shi ya sa ake zare lafiyayye a sayar, wani lokaci mai motar ma bai sani ba, sai ya ji ƙarar salansa ta canja. Dillalin da ya zare shi ya liƙe tukunya ya sayar wa manomi mota a matsayin cikakkiya ya yi algus, daidai da mai zuba yashi a buhun gero.

Tun farkon 2024 matatar Dangote ke fitar da gas a cikin gida, dokar man fetur ta 2021 kuma ta ɗaure man da ake shigowa da shi da mizanin kashi 50, saboda haka uzurin mai yana ta ƙanƙancewa. Rariyar da ta toshe sau da yawa ana iya wanke ta, kuma baƙin hayaƙi yakan samo asali ne daga nozul da ya lalace ko matacin iska da ƙura ta cike. Shugabannin direbobi na tashoshin Gaya da Ajingi, ku da kuke hana mota lodi idan ba ta bi layi ba, ku hana mai baƙin hayaƙi ɗaukar mutane a baya har sai ta je gareji, ku kuma sa a riƙa kashe inji lokacin lodi.