Gidajen Kifi A Ƙarƙashin Teku

A ƙasashen da ke bakin teku akwai al'adar nutsar da tsofaffin jiragen ruwa da manyan tubalan siminti, don kifi ya sami mafaka. Japan ta yi nisa ƙwarai a wannan aiki. Kifi kuwa yakan taru, masunta su yi murna.

Amma mu a ganinmu, yawan kifin da ke kewaya ginin bai isa shaida ba. Rairayin da a ke ɗora shi a kai yana da masu shi, watau tsutsotsi da ƙananan ƙaguwoyi da dangin katantanwa. Ginin ya danne waɗansu, ya karkatar da gudun ruwa har laka ta sake wuri, sa'an nan kifayen da suka taru su fita kiwo, su rage na kewaye. Har yau masana suna gardama, shin ƙaruwa kifin ya ke yi, ko kuwa tattara shi a ke yi wuri guda, ya yi sauƙin kamu.

A cikin shekarun 1970 an zuba tsofaffin tayoyin mota wajen miliyan 2 a teku kusa da Fort Lauderdale, cikin Amurka, wai su zama gidan kifi. Garin neman gira aka rasa ido. Ƙarafan ɗaurin suka yi tsatsa suka tsinke, guguwa ta watsa tayoyin, suna ta murƙushe murjanin asali. A 2007 sai da aka sa sojoji masu nutso suka shiga tsamo su.

Muna roƙon malamai, in an zo darasin teku, a nuna wa yara mazauna rairayin nan tukuna, kafin a kai ga kifi.