Sabunta Manhajar Salula: Me Wayarku Take Faɗa Idan Kuna Barci?

Mai karatu, wataƙila wannan ya taɓa faruwa da ku a Yamai. Kun sayi mega da yamma, a layin Airtel ko Moov ko Zamani. Kun kwanta ba ku kalli komai ba. Da gari ya waye sai kuka tarar an ci rabi. Sau da yawa ba sata ba ce. Wayarku ce ta sabunta manhajojinta cikin dare.

Manhaja ita ce umarnin da aka rubuta cikin waya domin ta yi aiki, kamar WhatsApp ko Facebook, ko Android wadda take tafiyar da wayar baki ɗaya. Mutane ne suka rubuta ta, kuma suna kuskure. Idan sun gano ɓaraka sai su aiko da gyara. Wannan gyaran shi ake kira sabuntawa.

Yaya wayar take sanin akwai gyara?

Tambaya take yi. Lokaci-lokaci, ba tare da kun taɓa ta ba, tana aika ɗan gajeren saƙo zuwa babbar kwamfutar kamfanin. Saƙon yana faɗin irin wayar, misali Tecno ko Itel, da lambar manhajar da take ciki a yanzu. Yawanci yana faɗin harshen da kuka zaɓa da ƙasa da layin da kuke amfani da shi, wani lokaci har da wata lamba da ta bambanta wayarku da sauran. Kwamfutar kamfanin kuma tana ganin adireshin intanet ɗinku, wanda yake nuna kusan yankin da kuke. Sai ta duba, ta amsa: babu sabo, ko kuma ga sabo. Tambayar ba ta cin mega sosai. Sauke gyaran ne yake ci.

Domin wannan aiki, kamfani ba ya buƙatar hotunanku, ko saƙonninku, ko lambobin ƴan uwanku. Amma an taɓa ƙetare iyaka. A watan Nuwamba na 2016, masu bincike na kamfanin Kryptowire a Amurka sun gano cewa manhajar sabuntawa ta kamfanin Adups na Shanghai, wadda take cikin wasu wayoyi masu araha na BLU, tana kwashe saƙonni da lambobin mutane tana aikawa ƙasar Sin bayan kowane awa 72. Masu wayoyin ba su sani ba. Manhajar sabuntawa tana da iko a kan kowane lungu na waya, shi ya sa amanarta take da nauyi.

To, a rufe ta ke nan?

A'a. Mutane da yawa suna rufewa domin tattalin mega, kuma ba za a ga laifinsu ba, kuɗi ne. Sai dai haɗarin rufewa ya fi girma. A watan Maris na 2017 kamfanin Microsoft ya fitar da wani gyara. A watan Mayu wata muguwar manhaja mai suna WannaCry ta kulle kwamfutocin da ba su karɓi gyaran ba a ƙasashe fiye da 150, har asibitocin Ingila suka riƙa mayar da marasa lafiya gida. A watan Mayu na 2019 kuma WhatsApp ya nemi kowa ya sabunta, domin an gano ana iya dasa manhajar leƙen asiri ta hanyar kira kawai, ko da ba a ɗauka ba.

Hanyar da ta fi ita ce ku shiga Play Store, cikin saituna, ku zaɓi a sabunta ta Wi-Fi kaɗai. Idan karatun allon ya yi muku wuya, ku sa ɗanku ko malamin yaƙi da jahilci ya nuna muku sau ɗaya. Ku kuma yi hattara da saƙon da yake cewa "latsa nan ka sabunta", da manhajar da ake turawa daga waya zuwa waya a kasuwa ko wurin mai gyara, irin su GBWhatsApp. Ba daga kamfanin WhatsApp ta fito ba, kuma kamfanin yana iya rufe lambar mai amfani da ita.

Nijar ta yi dokar kare bayanan mutane a 2017, aka sake ta a 2022, kuma dokar ta kafa hukumar HAPDP a Yamai. Doka ta ba ku ikon sanin abin da aka tara a kanku. A ganinmu, hannun hukumar ya fi kai wa bankuna da kamfanonin layi da suke cikin ƙasa. Kwamfutar da wayarku take yi wa magana da dare tana can wata ƙasa mai nisa.

Akwai kuma ranar da gyara yake ƙarewa. Tun 14 ga Oktoba 2025 Microsoft ya daina tallafin da ya saba bai wa Windows 10. In za ku sayi tsohuwar kwamfuta ko waya a Babbar Kasuwa ko Katako, ku ce mai saidawa ya buɗe saituna ya nuna muku ranar gyaran tsaro na ƙarshe da ta karɓa kafin ku biya.