Tun Ran Gini, Ran Zane: Maganar Ramukan Masu Haƙa

Maganar wannan mako ta shafi malamai da 'yan kasuwa na Kongolam da sauran ƙasar Daura, watau maganar ramukan da masu haƙa su ke bari a bayansu. Gaskiya ne ba a haƙar kwal a ƙasar Daura. Amma ana ɗibar yashi da burji da tsakuwa, balle tun 2021 da aka soma aikin hanyar jirgin ƙasa daga Kano zuwa Maraɗi, wadda ta ratsa ta Daura. Mai gona ya karɓi kuɗi hannu da hannu, motoci su yi ta jida, ran da suka tashi su bar masa kududdufi. Saboda haka ya kyautu a dubi abin da ya sami waɗanda suka riga shiga wannan hali.

An gano kwal a Udi, kusa da Inugu, cikin 1909, aka soma haƙarsa sosai a 1916, ya zama abincin jirgin ƙasa. Da jirage suka koma shan mai, sai kasuwarsa ta faɗi, daga bisani aka watsar da ramukan. A Arewa kuwa, tun wajen 2007 kamfanin siminti na Ashaka ya buɗe mahaƙar kwal a Maiganga ta ƙasar Gombe, aka ta da mutanen ƙauyen aka sake musu mazauni, sun kuma sha kai kuka game da ƙura da ɓacin ruwan sha. Dalilin ɓacin ruwa a wuraren kwal sananne ne. Akwai farar wuta a cikin duwatsun da su ke tare da shi. Muddin suna binne ba su cutar kowa, amma da zarar an tone su, iska da ruwan sama suka taɓa su, sai ruwan ya yi tsami, ya yi ja kamar tsatsa, ya gangara rafi ya kashe kifi da shuka. Wannan kuwa ba ya tsayawa don an daina haƙa.

Babban darasi yana ƙasar Jos. Kamfanonin Turawa sun yi shekara wajen arba'in suna haƙar kuza kafin dokar ma'adinai ta 1946 ta zo da maganar gyaran ƙasa. Kafin nan an riga an cakuɗa ƙasar sama mai albarka da jar ƙasar ƙarƙashi. Aka baje waɗansu tsibin, aka dasa itatuwan turare, amma gona ba ta komo yadda ta ke ba. Har yanzu tafkunan kuza fiye da 1,000 suna nan, suna cin mutane da dabbobi.

Gyaran kuwa ba wani asiri ba ne. Kafin a sa diga, a kan kwashe ƙasar sama a tara ta waje ɗaya, gama ita ce ke ɗauke da taki da iri. Sa'an nan a riƙa cike rami a baya yayin da haƙa ta ke ci gaba, a binne duwatsu masu tsami can ƙasa, a zuba farar ƙasa inda ruwa ya ɓaci. Daga ƙarshe a daidaita wurin, a mai da ƙasar sama, a shuka ciyawa da itatuwa. Abin da ya ke da wuya shi ne samun mai biya bayan riba ta ƙare. Don haka ne Amurka ta yi doka a 1977, cewa ba a ba kowa izinin haƙar kwal sai ya ajiye jinginar kuɗin da zai isa gyara. In ya gudu, a gyara da kuɗinsa. Dokar ma'adinai ta Nijeriya ta 2007 ita ma ta wajabta wa mai haƙa tsarin gyaran ƙasa da zuba kuɗi a asusun da aka keɓe dominsa. Sai dai doka tana Abuja, rami kuwa yana bayan gari.

Watakila wani almajiri ya ce ai an ruwaito babu lamuni a kan abin da rijiya ko ma'adini ya halaka. Haka ne, amma Imamu Malik ya bayyana cikin Muwaɗɗa cewa wanda ya haƙa rijiya a kan hanyar Musulmi, inda bai halatta gare shi ba, lamunin abin da ya faɗa ciki yana wuyansa. To, ina ga wanda ya bar rami mai zurfin gaba biyu a kan burtalin da shanu su ke bi zuwa kasuwar Mai'aduwa, ko kusa da inda yara su ke kiwo? Har wa yau malaman Malikiyya sun sa hukuncin ma'adini a hannun shugaba, domin a tsare maslahar jama'a duka, har da waɗanda ba a haifa ba tukuna.

Saboda haka, duk mai gonar da aka zo neman haƙa a wurinsa, kada ya yarda da maganar baka. A rubuta takarda a gaban dagaci da shaidu, a ambaci iyakar wuri da zurfinsa, a ambaci inda za a tara ƙasar sama, da ranar cikewa, a kuma ajiye kuɗin gyara a hannun amintacce tun kafin mota ta farko ta ɗauki kaya. Malamai, da ya ke su a kan kira wajen shaida da rabon gado, ya cancanta su ƙi sa hannu a takardar da ba ta da waɗannan sharuɗa, balle in gonar marayu ce. 'Yan kasuwa masu motocin yashi su kuma su lissafa kuɗin cikewa a cikin jari, kamar yadda su ke lissafa mai da ladan direba.

Kuɗin haya ba ya kai baɗi, gona kuwa ta ci da kaka, ana kuma fata ta ci da jika. Allah Ya ba shugabanni ikon tsare amana, Ya ba talakawa damina mai albarka, amin.