Wasiƙa a Buɗe ga Masu Sassabe da Gyaran Farfajiya a Yammacin Amurka

Zuwa ga duk mai ci da adda da almakashin lambu,

Tsiron da Amurkawa ke kira poison oak yana cikin abubuwan da suka fi kwantar da masu share filayen da suka daɗe ba a taɓa ba. Irinsa na yamma, wanda masana ke kira Toxicodendron diversilobum, ya bazu daga kudancin British Columbia a Kanada, ya ratsa Washinton da Oregon da Kaliforniya har zuwa Baja a Meziko. Akwai ɗan uwansa a kudu maso gabashin Amurka. Danginsu ɗaya da mangwaro da kashu, kuma wanda ya taɓa ganin yadda man ɓawon kashu ke ƙona leɓen yaro ya san irin halin wannan dangi.

Gane tsiron shi ne matakin farko, kuma ba koyaushe yake da sauƙi ba, domin yana sauya kama. A fili mai rana yakan tsaya a matsayin ƙaramin itace mai rassa da yawa, a inuwa kuwa sai ya yi yaɗo ya hau shinge ko jikin bishiya. Abin da ba kasafai yake sauyawa ba shi ne zaman ganyensa uku-uku a kan sanda ɗaya, masu lanƙwasa a gefe, sau da yawa da ɗan sheƙi. Sabon toho ja-ja ne, sannan ya koma kore, da kaka ya yi ja ko ruwan goro. 'Ya'yansa ƙanana ne, farare-farare. Da hunturu ganyen yakan zube ƙaf, a bar sanduna tsirara da ba a bambanta su da sauran busassun rassa, kuma a wannan lokaci ma ƙwararru kan faɗa tarkonsa.

Gubar wani maiƙo ne mai suna urushiyol, wanda ke cikin ganye da kara da saiwa. Idan ya fito daga raunin da adda ta yi, iska takan mayar da shi baƙi, shi ya sa baƙaƙen ɗigo a jikin ganye ko a kan safar hannu alama ce da ba a rainawa. Hukumar NIOSH ta Amurka, mai binciken lafiyar ma'aikata, ta ce mikrogiram 50 kacal, abin da bai kai ƙwayar gishiri ɗaya ba, ya isa ya fitar da ƙuraje ga kashi 80 zuwa 90 cikin ɗari na manya. Maiƙon yakan ratsa fata cikin mintuna, ya manne da sinadaran jikinta, sai garkuwar jiki ta ɗauki wurin a matsayin baƙo ta far masa. Wannan farmaki ba nan take yake bayyana ba, shi ya sa ba a jin komai a lokacin aiki. Wanda ya taɓa haɗuwa da shi yakan ga ƙurajen bayan awa 12 zuwa 72, sabon shiga kuwa yana iya kaiwa mako ɗaya ko fiye. Mai taƙamar cewa jikinsa ba ya kamawa yana wasa da lafiyarsa ne, domin jiki na iya koyon ƙin maiƙon bayan shekaru ana cuɗanya da shi lafiya.

Shiga irin wannan fili sai da riga mai dogon hannu, da dogon wando a cusa cikin takalmin roba, da tabarau. Safar hannu ta siririyar roba irin ta asibiti ba ta tare maiƙon, ta fata da ta yadi kuma suna shanye shi su riƙe. Mai kauri ta leda, wadda ta kai gwiwar hannu, ita ce ta dace. Wuyan hannu, wato 'yar tazarar da ke buɗewa tsakanin safa da riga idan an miƙa hannu cikin sarƙaƙiya, nan ne ƙuraje suka fi fitowa, sai goshi da wuya inda ake share gumi ba tare da tunani ba.

Injin yankan ciyawa na hannu mugun kayan aiki ne a nan: yana daddatsa tsiron ya fesa ruwansa a fuska da ƙafafu. A yanke da almakashi, a tono saiwar lokacin da ƙasa ke da danshi, tunda guntun da aka bari yana sake toho. Wasu kan shafa maganin kashe ciyawa irin su glyphosate ko triclopyr a kan kututturen nan take bayan yanka. A manyan filaye a Kaliforniya ana hayar garken awaki su cinye shi, don ba ya cutar da su, ko da yake gashinsu na ɗauke da maiƙon, haka ma na karen gida da ya kutsa cikin duhuwar.

Ƙonawa ita ce kuskure mafi muni, kuma ita ce hannu ya fi saurin kaiwa gare ta ga wanda ya saba tara sassabe ya cinna wuta. Hayaƙin yana ɗauke da maiƙon ya kai shi ido da maƙogwaro da huhu, har numfashi ya sarƙe. Masu kashe gobarar daji a Kaliforniya sun daɗe suna shan wannan wahala. Abin da aka sare a zuba shi a buhunan leda, a ɗaure, a bi dokar shara ta garin. Ba a sa shi cikin takin lambu.

Idan fata ta taɓa tsiron, wanki cikin mintunan farko shi ke rage ɓarna. Ana wanke shi ne yadda makanike ke fitar da baƙin mai daga hannunsa: sabulun wanke-wanke, tsumma, gogawa sosai, ruwa mai sanyi da yawa, har ƙarƙashin farce. Wankin da aka yi bayan awa ɗaya ko biyu ma ya fi babu. Fetur da bilic ƙona fata kawai suke ƙarawa. Sai kuma kayan aiki, waɗanda aka fi mantawa da su: ƙotar adda, igiyar takalmi, sitiyarin mota, wayar hannu. Maiƙon na iya zama da ƙarfinsa a jikinsu shekara da shekaru. Tufafin a wanke su daban da ruwan zafi da sabulu, kuma a gargaɗi mai wankin, kada a jefa iyali cikin abin da ba su sani ba.

Ƙurajen kan fito layi-layi inda reshe ya goga, da ja da kumburi da bororo, da ƙaiƙayi mai hana barci. Ruwan bororon ba ya yaɗa cutar, kuma ba a ɗaukar ta daga jikin wani. Idan aka ga sababbin wurare na fitowa, ko dai fatar wurin ta fi kauri ce ta yi jinkiri, ko kuma har yanzu akwai maiƙo a wani kaya da ake taɓawa. Yawanci suna warkewa cikin mako ɗaya zuwa uku. Tsumma mai sanyi da man kalamin suna kwantar da ƙaiƙayi, susa kuwa tana buɗe wa ƙwayoyin cuta ƙofa. A garzaya asibiti idan ƙurajen sun kama fuska ko ido ko al'aura, ko sun mamaye jiki, ko an ga mugunya da zazzaɓi, ko numfashi ya yi wuya bayan shaƙar hayaƙi. A irin wannan hali likita kan rubuta prednisone na mako biyu zuwa uku ana rage shi a hankali, kuma wanda ya yanke shan maganin da wuri ƙurajen kan dawo masa.