Kafin ka yanki tikitin dawowa gida

Jama'a, yanzu tafiya Masar ko Indiya don tiyata ta zama ruwan dare, har da aikin rage tumbi saboda ƙiba. Ban ce kada a je ba. Saurin dawowar ne ke damuna.

An yi wa wata 'yar uwata irin aikin nan, kwana 4 ta hau jirgi, wai kuɗin otal. Tana isowa sai zazzaɓi, zuciya na dukan uku-uku, kafaɗar hagu na ciwo. Mu kuwa kowane zazzaɓi maleriya ne a wurinmu, sai muka nufi kemis. Ashe ɗinkin ne ke yoyo, ruwan tumbi na tsiyaya cikin ciki. Sai da aka sake farke ta, ta yi wata 2 a kwance.

Abin da ya fi ci mini rai, sai daga baya na san ana toshe irin wannan yoyon ta baki, ba wuƙa. Likita zai zura siririn bututu mai kyamara, wato endoskofi. In sabon huji ne ƙarami, ya matse shi da ɗan ƙarfe mai kama da kilif. Ko ya sa wani bututu mai rufi ya tsare wurin, a cire bayan makonni. Akwai kuma dabarar da likitocin Jamus suka yaɗa: a sa soso a wurin, inji na zuƙe mugunya, ana canja shi duk kwana 3 zuwa 5 har nama ya cike.

Amma fa sharaɗin shi ne a gano da wuri. In mugunya ta bazu, jiki ya rikice, to babu makawa sai tiyata.

Don haka kafin ka biya ko sisi, tambayi likitan: in ɗinki ya yi yoyo, wa zai gyara, kuma da me? Ka zauna iya kwanakin da ya ce. Ka taho da takardun aikin. Zazzaɓi ko saurin bugun zuciya bayan aikin ciki, asibiti za a nufa a daren, ba kemis ba.

Gwamnonin da ke gina gadar sama kuma, don Allah a tuna da kayan aikin nan da horar da likitocinmu. Ba kowa ke da kuɗin komawa ba.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya.