Zaure Kafin Dandali: Sharhi a Kan Kafa Jam'iyyar Talakawa



Duk wanda ya san halin da Damari da sauran garuruwan gabashin ƙasar Birnin Gwari suka shiga a 'yan shekarun nan, inda manomi ba ya zuwa gonar gadonsa sai ya biya 'yan bindiga kuɗin shiga, kuma ba ya girbe masararsa sai ya sake biya, ba zai yi mamaki ba in ya ji samari suna shawarar kafa ƙungiyar talakawa bisa aƙidar gurguzu, wato aƙidar nan da ke cewa arzikin ƙasa na jama'a ne baki ɗaya, kuma mai gumi shi ya fi cancanta da amfanin guminsa. Niyya ce kyakkyawa. Amma kafin a zaɓi shugaba da magatakarda, wajibi ne a duba yadda magabata suka yi, domin wannan hanya an taɓa bin ta a ƙasar Hausa.

Ranar 8 ga Agusta, 1950, mutum takwas suka taru a Kano, cikinsu har da Abba Maikwaru da Bello Ijumu da Mudi Sipikin da Magaji Dambatta, suka kafa NEPU, Jam'iyyar Neman Sawaba. Malam Aminu Kano a lokacin yana koyarwa a Maru, sai daga baya ya ajiye aikin, ya zama shugabanta a 1953. Ba su da dukiya, ba su da sarauta, En'e kuwa tana da alƙali da ɗan doka da gidan yari. To da me suka yi ƙarfi har sarakuna da Turawan mulki suka rasa barci? Da karantarwa.

A nan nake so masu sauraro su tsaya tare da ni. Reshen NEPU a ƙauye sau da yawa zauren wani tela ne ko mahauci, inda bayan sallar lisha ake kunna fitilar ƙwai, wanda ya iya boko ko ajami ya buɗe takarda yana karantawa a hankali, saura suna saurare suna tambaya, har mutumin da tun haihuwarsa bai taɓa jin cewa yana da wani hakki a kan dagaci ba ya fahimci cewa in ya biya haraji sai a ba shi rasit, cewa aikin tilas a gandun sarki ba farilla ba ne, cewa hukuncin alƙali ana iya ɗaukaka ƙara a kansa. Malam Aminu bai zo wa talaka da baƙon harshe ba. Da Alƙur'ani ya zo masa, da tafsirin watan azumi, da littattafan masu jihadi irin su Kitabul Farƙi na Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wanda ya lissafa jangali da kuɗin gari da gaisuwa cikin ɗabi'un mulkin zalunci. Malam Sa'adu Zungur ya riga ya share wannan fage da iliminsa da alƙalaminsa, mawaƙan jam'iyya kuma suka kai darasin kasuwa-kasuwa ga waɗanda ba su iya karatu ba. Aka buɗe makarantun Islamiyya, aka sa 'ya'ya mata a ciki.

Saboda wannan tarbiyya ce bulala da ɗauri ba su watsa 'yan NEPU ba. Hajiya Gambo Sawaba ta Zariya ta sha kurkuku sau da dama, ba ta sauya ba, domin ta san dalilin da ya sa ake ɗaure ta. Amfanin kuwa ya jinkirta, amma ya zo: a 1979, da PRP, magajiyar NEPU, ta ci Jihar Kaduna da Jihar Kano, gwamnoninta Alhaji Balarabe Musa da Alhaji Abubakar Rimi suka soke haraji da jangali, kuma mutanen Birnin Gwari suna cikin waɗanda aka sauke wa wannan kaya. Sai dai da mulki ya samu, karatu ya ja baya, jam'iyya ta rabu gida biyu, 'yan santsi da 'yan taɓo, majalisa ta tsige Balarabe a watan Yunin 1981, Malam Aminu kuma ya rasu a Afrilun 1983.

Abin da ke sosa mini rai shi ne, zauren da masu neman sawaba suka bari, wasu ne suka shiga suka zauna. A 2022 ƙungiyar ci gaban masarautar Birnin Gwari, BEPU, ta sanar da duniya cewa 'yan Ansaru sun hana harkar siyasa a gabashin masarautar, suna wa'azi, suna rabon kyauta, suna jan samari. A daminar shekarar kuma mutanen Damari da yawa suka yi hijira. 'Yan Ansaru sun gane abin da 'yan siyasarmu suka manta, cewa wanda ya zauna da yaro yana yi masa bayanin dalilin wahalarsa, ko da bayanin ɓata ne, shi zai mallaki zuciyarsa. Ɗan takara kuwa ba a ganinsa sai da atamfa da taliya, ana gobe zaɓe.

Tun da sulhun da gwamnatin Kaduna ta ƙulla da 'yan bindiga a ƙarshen 2024 ya sa aka sake buɗe kasuwar kara ta Birnin Gwari, an samu ɗan sarari, kuma Allah kaɗai ya san tsawonsa. Shawarata ga samarin Damari, ya ku 'ya'yana da ƙannena, ita ce kada ku fara da tuta ko gangami. Ku fara da mutum goma waɗanda gari ya shaida amanarsu, manomi da makiyayi da mai haƙar zinariya da malamin allo, kada kuma a manta da mata, waɗanda su suka fi ɗanɗana ɗacin hijira. A sa rana guda a mako, a koya wa wanda bai iya karatu ba, a karanta babin hakkokin ɗan ƙasa na tsarin mulki da Hausa, a zauna a lissafa kuɗin taki da na ƙwadago da na mota a kan buhun masara guda, a gwada da abin da dillali ya biya a kaka da abin da ake sayarwa a bazara, domin kowa ya ga da idonsa inda guminsa ke tafiya. Kuɗin ƙungiya ya fito daga aljihun membobi, komai ƙanƙantarsa, ma'aji ya karanta lissafi a bainar jama'a kowane wata. Duk attajiri ko ɗan takarar da ya zo da tayin ɗaukar nauyin taro, a gode masa, a mayar masa da kuɗinsa, a ce in yana so ya zo ya zauna a tabarma ranar darasi.