Mataccen batiri a bolar Jos

Ƙaramin batirin caji mai alamar Ni-Cd, irin na wasu tocila da injin aski, faranti biyu ne aka naɗe kamar tabarma, ɗaya na nikel, ɗaya na kadmiyom. Yana ba da volt 1.2, ana cajinsa sau ɗaruruwa. Matsalarsa sai ranar da ya mutu. Kadmiyom guba ne mai lalata ƙoda da ƙashi, shi ya sa Tarayyar Turai ta taƙaita sayar da irin wannan batiri a wata doka ta 2006. A Jos kuwa bola ake jefa shi, alhali masu noman rani na kwasar tokar bola su zuba wa latas da kabeji. Muna kira ga gwamnatin Filato ta ajiye akwatunan tara matattun batura, ta fara daga kasuwar Terminus.